Mu sai mutum ya mutu muke sanin mawaƙi ne

Daren Asabar da ta wuce wani abokin karatuna, mutumin Lakno, ya ja ni zuwa mushaira a tsohon birnin Delhi, bayan Masallacin Jama. Shekarata uku a Indiya, ban taɓa leƙawa ba. Mushaira taron sha'iran Urdu ne, babu ganga, babu rawa irin ta finafinan da muka tashi muna kallo. Wannan kuma an kira shi ne don wani dattijo guda, yana raye, da ƙafarsa ya zo, jikarsa na riƙe da hannunsa.

An shimfiɗa farin ƙyalle a kan dandamali, an jera dogayen matasai, sha'irai suka zauna a ƙasa suka tanƙwashe ƙafa. A tsakiya aka kunna kyandir. Abokina ya raɗa mini cewa a da kyandirin ake ɗauka a ajiye gaban wanda layi ya zo kansa. Sai bayan Isha'i aka fara, cikin sanyin Disamba, ana zagayawa da shayi mai citta a 'yan kofunan yumɓu. Matasa ne ke buɗe fage, manya su biyo baya, babban malami shi ne na ƙarshe, ko da dare ya raba.

Yawancin baitocin 'yan ƙwar biyu ne. Sha'iri zai karanta ɗango na farko ya yi shiru, jama'a su maimaita masa, shi ma ya sake, yana jan ransu. Yana sakin na biyu sai ɗaki ya ɗauka da "wah, wah!" Wani ya ɗaga hannu ya ce "mukarrar", wato a maimaita, kalmar da duk wanda ya yi zaman zaure zai gane. Urdun nawa bai taka kara ya karya ba, amma ina tsintar duniya, ƙabari, haƙiƙa, kuma takardun da ke hannunsu sai ka rantse ajaminmu ne.

Wajen ƙarfe ɗaya aka zo kan tsohon. Kafin ya buɗe baki almajiransa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna karanto baitocinsa da ka, yana zaune yana ji, har ya gyara wa ɗaya kalma. Aka yafa masa mayafin ulu a kafaɗa, yadda suke karrama manyansu. Ya kama gefen mayafin ya share ido.

A hanyar komawa abokina ya tambaye ni, da zuciya ɗaya: "Ku a wajenku yaya kuke yi wa naku sha'iran?"

Nan take na hau kare gida. Na ce Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa. Na ce muna da majalisin Maulidi inda sha'irai ke kwana suna bege, muna da liƙi a wajen biki, kuma a Kano an yi ƙungiyar Hikima Kulob da ke karanta waƙoƙinta a rediyo. Na kawo masa bikin littattafan Hausa da aka fara yi a Kaduna a 2021, da Ranar Hausa ta 26 ga Agusta. Duk gaskiya na faɗa. Su ma nan ba a rasa nono a ruga: akwai sha'iran kasuwa masu neman tafi kawai, kuma matasa da yawa ba sa iya karanta rubutun Urdu sai an juya musu da wasu baƙaƙe.

Amma da na kwanta barci ya ƙi zuwa, don na san amsar da na ba shi ta fita kunya ce. Liƙi ba karramawa ba ne. Mai liƙi sunansa yake saye, a ambace shi, a ambaci ubansa. A majalisin bege kuwa wanda ake yabo shi ne abin taruwa, kuma haka ya kamata, sha'irin hanya ce kawai. Ina muka taɓa zama dare guda don baitin mutum kaɗai, a ce masa maimaita? Har gobe a gidaje da yawa idan aka ce mawaƙi, maroƙi ake ji, kuma in ya zo neman aure sai an yi ta kai da komo. Ranar da ya faɗi ya mutu kuwa Facebook ya cika da hotonsa, kowa na cewa an yi babban rashi, a shirya taron tunawa, a cika kujerun gaba da waɗanda ba su taɓa zuwa duba shi a asibiti ba.

Kuma ni wa nake zargi? Kawuna, wan mahaifiyata, tela ne. Tun ina ƙarami nake ganinsa yana rubuta waƙa da ajami a bayan littafin awo, 'yar ƙwar biyar mai amsa-amo, kan damina, kan tsadar gero, kan rasuwar matarsa ta fari. Yana tara su a wata tsohuwar adaka ƙarƙashin gado. Idan ya fara rerawa bayan Magariba, mu yara sai mu sulale. Wata shekara gara ta shiga adakar ta cinye kusan rabi. Bai yi wa kowa ƙorafi ba, ya kwashe ragowar ya shanya a rana. Yanzu ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, ya ajiye keken ɗinki.

Da gari ya waye a gida na kira ƙanena, na ce ya je ya kai masa waya. Muka gaisa, na ce, "Kawu, Allah ya ƙara lafiya, waƙar nan ta damina nake so ka karanta mini."

Ya yi shiru. Sannan ya ce, "Lafiya dai, ɗana? Wani abu ne ya faru?"

Na ce lafiya lau, ji kawai nake so in yi. Na ji yana cewa ƙanena ya jawo masa adakar, ya kuma miƙo masa tabarau.