Tambarin daba tun daga zanin goyo

A shekarar 2016 ofishin babban mai bincike na jihar Kalifoniya ta Amurka ya duba CalGang, rumbun bayanan da 'yan sanda ke tara sunayen waɗanda suke zargi da daba. A ciki aka tarar da mutum 42 da takardunsu suka nuna ba su kai shekara ɗaya ba sa'ad da aka shigar da su, kuma an rubuta cewa 28 daga cikinsu sun amsa da bakinsu cewa 'yan daba ne. Jarirai fa! Sunayen da ke rumbun a lokacin sun haura 150,000, kusan kashi biyu cikin uku 'yan asalin Latin Amurka ne.

A ganina wannan ya gaskata abin da Victor Rios, masanin zamantakewa a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ya daɗe yana faɗa. Shi kansa ya yi daba a birnin Oakland na jihar yana yaro. Daga baya ya koma unguwannin ya yi shekara uku yana bibiyar samari 40, baƙaƙen fata da 'yan Latin, ya wallafa sakamakon a 2011. Abin da ya gano shi ne tambari na rigan laifi zuwa. Malami ya yi barazanar kiran 'yan sanda kan ƙiriniyar aji, mai kanti ya bi yaro da ido, ɗan sanda ya tare shi a bakin titi yana lalube masa aljihu. Yaron da kowa ya yanke wa hukunci tun bai yi komai ba, wace riba yake gani a kama kai?

Ba na musun cewa akwai daba, kuma galibi 'yan Latin ɗin ne ke binne 'ya'yansu saboda ita. Amma dubi sharuɗɗan shiga rumbun a wancan lokacin: irin tufafinka, unguwar da kake yawan zuwa, wanda aka gan ku tare. Wato kenan zama a gidan ubanka da gaisawa da maƙwabci na iya zama hujja. Wata dokar jihar ta 1988 kuma ta ba da damar ƙara wa mutum shekarun ɗauri idan aka danganta laifinsa da daba.

A 2020, bayan an kama wasu 'yan sandan Los Angeles da ƙirƙiro bayanan ƙarya kan mutanen da suka tare, babban lauyan jihar ya hana amfani da bayanan da rundunar ta zuba a CalGang.