Ƙyauren Madafa da Igiyar Nazare

A fadarmu ta shayi a nan Maradi aka fara nuna mini bidiyon wani Bajamushe mai suna Sebastian Steudtner, wanda a shekarar 2020 ya tsaya a kan allo ya hau igiyar ruwa mai tsayin mita 26 a gaɓar garin Nazare na ƙasar Fotugal. Na kwana ina bincike a wayata, har na gano cewa asirin yana ƙarƙashin teku, inda wani kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita 230 da zurfin mita 5,000 ya kawo bakinsa dab da gaɓa. Igiyar da ta biyo ta kansa ta fi ta gefe sauri, sai ta karkato su yi karo, su hau juna su zama tsauni. Masana kuwa daga cikin jirgi suke auna zurfin, su aika sauti ƙasa su lissafa lokacin dawowarsa.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Madarunfa ba, na wayi gari malamin teku, har ƴan fada suka fara gudun zama kusa da ni.

Da aka tafka ruwa a watan Agusta, kwazazzabon bayan unguwarmu ya cika ya batse, sai na ce wa yara lokacin gwaji ya yi. Da yake ba ni da jirgi, na durƙusa a bakin ruwan na kwarara ihu, na kasa kunne, amma kwaɗo ne kaɗai ya amsa, kuma na ɗauki hakan shaidar zurfi. Allon hawa bai ba ni wahala ba, domin uwargida ta tafi suna, ƙyauren madafarta kuma dama ƙusa biyu ke riƙe da shi.

Tsayuwata a kansa ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ƙyaure ya yi gaba, ni na yi baya, na zauna daɓas cikin taɓo a ruwan da bai wuce gwiwa ba, yara suna tafi, ina kallonsa ya nufi Gulbi ɗauke da takalmina ɗaya.

Na isa gida na tarar awaki sun shiga madafa sun cinye geron da aka jiƙa. Uwargida ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, “Malam, shi ma Baturen naka da ƙyauren matarsa ya hau?”