Babu maye ko ɗaya a Salem

Mutane da yawa sun ɗauka wasan kwaikwayon The Crucible na Arthur Miller, wanda ya fito a 1953, labarin mayu ne. Ba haka ba ne. A garin Salem na Amurka, a 1692, ƙazafi ne kawai ya sa aka rataye mutum 19. A cikin wasan, wanda aka gina a kan wannan lamari, wata budurwa mai suna Abigail ta laƙa wa matar wani manomi, John Proctor, maita don huce haushi da son mallakar mijin, tsoro kuma ya game gari har alƙalai suka daina neman hujja. Inda ya fi taɓa zuciyata shi ne lokacin da Proctor, wanda shi ma aka laƙa wa maita, ya yayyaga takardar amsa laifin da ya sa wa hannu, ya gwammace a rataye shi da ya ɓata sunansa da ƙarya.