Kafin a ƙara guraben karatun kwamfuta a Katsina, a fara ƙirga guraben aikin

Duk shekara idan lokacin rajistar JAMB ya zo, iyaye da yawa a Katsina da Daura sukan karkata 'ya'yansu ga karatun kwamfuta, bisa imanin cewa aiki yana jiran duk wanda ya gama. Ina ganin uban da ya sayar da buhunan gero ya biya kuɗin makaranta ya cancanci a nuna masa lissafin da wannan imani ya dogara da shi.

Ƙirga masu fitowa ba shi da wuya. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Al-Qalam, da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, da kwalejojin kimiyya da fasaha na Hassan Usman da na Tarayya a Daura, kowace tana da rajistar ɗalibanta, kuma wanda ya duba ajin farko na bana zai iya hasashen waɗanda za a yaye nan da shekara huɗu. Sai dai a ƙara shekarar bautar ƙasa, a kuma tuna cewa yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci wata takwas, don haka hasashen gaskiya sai ya hangi aƙalla shekara biyar.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɓangaren buƙata, domin kalmar "masanin kwamfuta" tana rufe sana'o'i da dama waɗanda kasuwarsu ta sha bamban. Mai rubuta manhaja yana iya zama a Ƙofar Ƙaura ya yi wa kamfanin Legas ko na Turai aiki, muddin yana da wuta da intanet mai ƙarfi, amma mai shimfiɗa wayoyin sadarwa da kula da na'urorin asibiti ko na cibiyar jarabawa dole ne aikinsa ya kasance a nan. Hukumomin ilimi ma sun gane haka: sabuwar manhajar karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a 2022 ta ware fannin kwamfuta da rassansa irin su tsaron intanet da nazarin bayanai, ita ma NBTE, hukumar da ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, ta raba babbar difloma ta kwamfuta zuwa rassa a 2024. Raba kwas a takarda kuwa bai gaya wa shugaban sashe ɗalibai nawa zai ɗauka a kowane reshe ba. Ga kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horas da mutum miliyan 3 a sana'o'in kwamfuta, wanda masu gama shi za su nemi aiki a kasuwa ɗaya da masu digiri.

Akwai kuma abin da mai hasashe daga Abuja zai iya mantawa da shi, alhali mu ba mu manta ba: a 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Duk lissafin da ya ɗauka cewa matashin Jibiya ko Batsari zai rayu da aikin intanet daga gida dole ya sa wannan a ma'auni.

Shawarata ita ce hukumar fasahar sadarwa ta jiha ta zauna da waɗannan makarantu, kowace ta bi sawun ɗalibanta shekara biyu bayan kammalawa, ta rubuta wanda ya samu aiki a fanninsa, da wanda ya koma koyarwa ko sana'ar POS, da wanda ya bar jihar. A ɗaya gefen a tambayi ma'aikatu, da bankuna, da asibitoci, da ƙananan hukumomi 34 irin ma'aikatan da suka nema suka rasa, da albashin da za su iya biya. A wallafa sakamakon da Hausa da Turanci kafin a buɗe rajistar JAMB ta kowace shekara, lokacin da iyaye ke yanke shawara.