Ranar da flex ya share mini wahalar dare guda

Kun dai san aikin da Malam ya ba mu a kwas ɗin kamfaila, wato manhajar da ke fassara wa kwamfuta abin da aka rubuta a yaren shiri: kowa ya ƙera ɗan ƙaramin yaren kwamfuta da flex da bison, manhajoji biyu da ke rubuta maka lambobin karanta yaren. Ni don iyayi na yi nawa da Hausa, akwai "idan", akwai "buga", har da "maimaita". A kan Ubuntu yana tafiya sumul. Ana gobe za a gabatar sai cajar kwamfutata ta ƙone, dole na ari ta ɗan ajinmu Injiniya, mai Windows da manhajar haɗa shiri ta Visual Studio.

Ina zuba fayilolina ta ce ita ba ta san wani unistd.h ba. Ashe fayil ne ɗan gidan Unix, dangin su Ubuntu, flex ne ke cusa sunansa cikin lex.yy.c ɗin da yake haifarwa daga fayil ɗin .l, inda na rubuta kalmomin yarena. Na buɗe lex.yy.c, layi kusan dubu biyu, rabinsa tulin lambobi da ba don ɗan Adam aka rubuta su ba. Na nemo layin na goge. Sai ta fara ƙorafi a kan isatty da fileno, su ma wasu ƙananan ayyuka ne 'yan gidan Unix, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa da hannu. Daga nan ta ce ina yywrap? Shi kuma ɗan aikin da flex ke kira ne idan ya kai ƙarshen fayil, a Ubuntu -lfl ɗin da nake ƙarawa wajen haɗawa ne ke kawo mini shi ban ma sani ba. Na rubuta nawa a ƙasan fayil ɗin, ya riƙa mayar da 1. Ana kiran assalatu abu ya tashi. Har sai da na yi wa kaina kirari.

To ga mu a ɗakin kwamfuta, an jona majigi, aji ya cika. Na buga misali, ya fito daidai. Malam ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Canza 'buga' ta koma 'nuna', ka sake haɗawa mu gani."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai abu mai sauƙi ne."

Wannan maganar ita ce har yau take hana ni barci. Ai abu mai sauƙi ne. Da murmushi na faɗe ta, har ina waiwayen 'yan layin gaba. Na shiga fayil ɗin .l, na canza kalma ɗaya, na kira flex. Shi kuwa flex bai san na kwana ina yi wa ɗansa kwaskwarima ba, ya haifo sabon lex.yy.c ya ɗora a kan tsohon. Jan rubutu ya cika bango. Ga unistd.h nan a sahun farko, ya dawo kamar mai bin bashi.

Aji ya yi tsit. Na sake dannawa, wai ko za ta canza ra'ayi. Na danna na uku. Gumi ya fara bin bayana alhali fanka na kaina. Malam ya gyara tabarau ya ce, "Kai, jiya a ina ka yi gyaran?" Na ce a lex.yy.c. Ya ce, "Da hannu?" Na ce da hannu. Ya juya ga aji: "Kun ga wanda ya share gindin bishiya ana tsakiyar iska." Wata a baya ta ce "Allah sarki," kuma wallahi gara dariyar da aka yi da wannan Allah sarkin.

Ya karɓi madannai, ya rubuta %option noyywrap a saman fayil ɗin .l, ya ƙara wa win_flex, wato flex na Windows, kalmar --wincompat. Shi ke nan. Ko minti ɗaya bai yi ba. Ya ƙara da cewa tun 1975 ake amfani da yacc da lex, magabatan bison da flex, kuma tun lokacin ake samun irina.

Amma ni ba Malam ne ya ƙona mini rai ba, Injiniya ne. Mutumin nan nasa aikin a kan wannan kwamfutar ya yi shi, da --wincompat ɗin a ciki. A ɗaki ɗaya muka kwana. Yana kan katifa yana ɓare gyaɗa, yana jin ina tsaki, sau biyu yana leƙowa yana cewa "Sannu da ƙoƙari, mutumina." Ni na saya masa shayi da ƙwai uku a daren, kuɗin haya ke nan wai. Da na tare shi a bakin ƙofa sai ya ce ai ban tambaye shi ba. Wannan fa shi ne wanda a aji biyu na yi wa bayanin foyinta, wato pointer ta yaren C, har muryata ta dushe. Kuma da majigi ya yi ja, na gan shi sarai yana ɗaga waya. Ya rantse saƙo yake dubawa. Wa ke duba saƙo waya na kallon bango?

Makin dai ya fito, ba laifi. Gargaɗin shift/reduce guda ɗaya da bison ke yi a kan "idan", wai dokar na iya karantuwa ta hanya biyu, yana nan, ban taɓa shi ba. Filash ɗina ma yana wurin Injiniya, wanda ya gan shi ya ce ina nema.