Tsuntsun da Ya Ƙwace Min Kifi, Ya Kuma Yi Min Dariya

Duk wanda ya ji za ka Ostireliya, gargaɗi ɗaya yake yi maka: macizai da gizo-gizo. Shi ya sa da ɗan ƙanwata da ke karatu a Sidni ya ce zai kai ni wani ƙauye mai suna Bundeena, wanda teku ta tare gabansa, daji ya kewaye bayansa, ni shirin maciji na yi. Na sayi takalmi mai wuya har ƙauri, na samo sanda mai kauri, na cusa bandeji a jaka. Yaron ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kawu, shan iska fa za mu, ba farauta ba." Na ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Jirgin ƙasa ya sauke mu a Cronulla, daga nan sai jirgin fito, wanda ke tsallaka mashigin Port Hacking cikin kamar rabin awa. Ƙaramin jirgi ne na katako, sunansa Curranulla, kuma yaron nan bai ga damar faɗa min an ƙera shi tun 1939 ba sai da muka kai tsakiyar ruwa. Na ce, "Shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu?" Ya ce ita fa. Na nemi inda aka jera rigunan ceto, na koma kusa da su na zauna, ba don tsoro ba, iskar wurin ce ta fi daɗi.

Ƙauyen kansa bai fi mutum dubu biyu da wani abu ba. Tituna kaɗan, gidaje a gangare, kuma duk titin da ka bi, ƙarshensa ko ruwa ko daji. Dajin nan shi ne gandun Royal, wanda aka keɓe tun 1879, shekara bakwai bayan Yellowstone na Amurka, don haka yana cikin gandayen daji na ƙasa mafi daɗewa a duniya. Faɗinsa ya kai kadada 15,000. A 1994 gobara ta cinye fiye da kashi 90 cikin 100 nasa, amma yau in ba a gaya maka ba ba za ka sani ba, don itatuwan turare na ƙasar sun saba da wuta, suna ƙonewa suna sake tohowa.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne bulo da na gani a kan murfin kwandunan shara. Yaron ya ce saboda aku ne. Wasu fararen aku ne manya masu tukku rawaya, sun koyi ɗaga murfi da baki, su bi gefen kwandon suna turawa har ya kife baya. A 2021 masana suka buga bincike cewa a wajen junansu suke koyo, dabarar tana bin unguwannin kudancin Sidni ɗaya bayan ɗaya. Na yi tsaki na ce mutanen da tsuntsu ya gagara, ai sai a yi musu jaje.

Ban rufe baki ba muka sayi soyayyen kifi muka nufi wani benci a bakin ruwa. Yaron ya ce, "Kawu, ka duƙa a kansa, ka kare da hannu." Na ce ni da kuɗina ba zan ci abinci a ɓoye ba. Na zaɓi tsoka mafi girma, na ɗaga ta ina hurawa don ta huce, na buɗe baki. Sai na ji iska ta mare ni a kunci. Na dubi hannuna, yatsu uku a haɗe, babu komai a tsakaninsu sai maiƙo. Bakina kuwa yana nan a buɗe yana jira.

Can kan reshe na hango ɓarawon: wani tsuntsu mai ƙaton kai da baki mai kauri, kukabura. Ya buga tsokar a jikin reshen sau da yawa, yadda yake yi wa ƙadangare da ƙaramin maciji kafin ya haɗiye, wai shi nan kashe soyayyen kifi yake yi. Ya haɗiye. Sannan ya ɗaga kai sama ya kece da dariya, dariya sosai irin ta mutum, mai farawa daga ciki ta hau har ta zama ƙyaƙyatawa. 'Yan uwansa suka amsa daga sauran itatuwa. Yaron, hawaye na zuba, yana ta yi min bayani wai ba dariya ba ce, shelar iyakar yankinsu suke yi wa sauran tsuntsaye. Na ce ya riƙe iliminsa. Ni aka kalla, ni na san abin da aka yi min.

Muka bi rairayin bakin tekun Jibbon har kan tsauni, inda mutanen Dharawal, 'yan asalin wurin, suka sassaƙa hotuna a kan shimfiɗaɗɗen dutse tun kafin Turawa su zo: kangaru, da manyan halittun teku. An yi wani dandamali da ake tsayawa a kalla don kada a taka. Wurin ya burge ni ƙwarai, har na manta da kifi.

A hanyar dawowa fitsari ya matsa min, na ratsa cikin wani kwari mai laima, da yake an kwana ana ruwa. Na fito lafiya lau. Sai da muka iso wurin jiran jirgi na ji safata ta jiƙe. Na zare takalmi, jini jajir har diddige.

Ihun da na yi, ina jin an ji shi a Cronulla. "Maciji! Ya sare ni!" Na zube a ƙasa, na ciro bandeji na fara naɗe ƙafa, ina yi wa yaron wasiyya, ina lissafa masa masu bina bashi da waɗanda nake bi. Mutane suka taru. Wata tsohuwa mai jan kare ta ratso, ta duƙa, ta ɗage ƙafar wandona, ta nuna wani baƙin abu da ya ƙoshi ya yi sumul a bayan ƙaurina. Matsattsaku. Ashe takalmin da na saya don maciji tsani ya zame masa. Ta karɓo gishiri a wani shago ta barbaɗa, ya saki ya faɗi. Ta ce yawunsa na hana jini daskarewa, shi ya sa ɗan huji ke zubar da jini haka. Na ce duk da haka a kira likita. Ana cikin wannan muhawara jirgin ƙarshe ya yi ƙaho ya tafi.

Akwai titin mota da ke ratsa gandun, amma ruwa ya haye madatsar Audley an rufe, sai dai a yi dogon zagaye, mu kuma ko keke ba mu da shi. Muka kama ɗaki a gidan wata mata mai lambun furanni. Abu ɗaya ta jaddada: a rufe ƙofar shinge.

Cikin dare na ji ana huci da tauna a gindin taga. Na ɗaga labule, muka yi ido huɗu da wata ƙatuwar barewa mai ƙaho reshe-reshe, fure na lilo a bakinta, wasu biyu a bayanta. Na saki labulen a hankali, na jingina kujera a ƙofa, na ja bargo. Namiji ba ya fita faɗa da mai ƙaho a ƙasar da ba tasa ba.

Da safe matar ta tsaya a tsakiyar lambun, hannu a ƙugu, babu abin da ya rage sai kara. Ta tambayi wanda ya fita na ƙarshe. Yaron ya sunkuyar da kai, amma ɗan yatsansa bai sunkuya ba. Na gyara murya na tunatar da ita cewa barewar nan asalinta daga Indonesiya take, mutanen ƙasarta ne da hannunsu suka sake ta a gandun tun 1906, don haka ta riga shingen zuwa, ta riga ni ma. Matar ta saurare ni har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce tarihina daidai ne. Sannan ta miƙo min takardar kuɗin furanninta, ta tambaya da kati zan biya ko da tsaba.