Ikon Allah ne ko na mai mulki?

Da zarar an soki masu mulki, sai ka ji wani ɗan'uwa ya jawo Romawa sura 13 ta Littafi Mai Tsarki: ai kowace hukuma Allah ne ya kafa ta, a yi shiru. Ni fa wannan karatun bai taɓa kwanta min a rai ba.

Abin da ake kira diyauci, wato ikon da babu wani a samansa a cikin ƙasa, tsoro ne ya haife shi. Masanin siyasa ɗan Faransa Jean Bodin ya yi rubutunsa a kai a 1576, shekara huɗu bayan kisan kiyashin da aka yi wa 'yan Furotesta a Faris. Ya ga jini, sai ya ce a samu sarki ɗaya da magana za ta ƙare a bakinsa. Amma ko shi bai cire sarkin daga ƙarƙashin dokar Allah ba. Masanin falsafa ɗan Ingila Thomas Hobbes ya zo da nasa littafin a 1651, bayan yaƙin basasar Ingila da sare kan Sarki Charles na ɗaya, ya ƙara ɗaure igiyar tamau. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya kwana cikin tarzoma, ko azzalumin sarki gani yake kamar inuwa.

Inda nake so mu tsaya shi ne Jamus. A 1922 masanin shari'a Carl Schmitt ya ce manyan ra'ayoyin mulkin zamani daga ilimin tauhidi aka kwaso su: siffofin Allah Maɗaukaki aka ɗora wa gwamnati. Ya hango gaskiya, sai dai a 1933 ya shiga jam'iyyar Nazi. Kun ga inda rigar aro ke kai mutum.

Shekara ɗaya bayan haka fastoci suka taru a garin Barmen, masanin tauhidi Karl Barth ne kan gaba wajen rubuta matsayarsu. Suka ce babu wani ɓangaren rayuwa da ke da ubangiji ban da Almasihu, gwamnati kuma ba za ta haɗiye ikilisiya ba. Su ma sun san Romawa 13 sarai. Sun dai kafa hujja da maganar Bitrus a 1 Bitrus 2:17, cewa a ji tsoron Allah, a girmama sarki.

Barth ya ƙi yi wa Hitler rantsuwar biyayya ido rufe. A 1935 aka raba shi da kujerarsa a jami'ar Bonn, ya tattara ya koma Basel.